Rudolf Virchow: Likitan da ya raɗa wa sankarar jini suna, ya kuma hana Bismarck sakat

A watan Maris na shekarar 1845 aka kwantar da wata mata mai shekara 50, wadda sana'arta girki, a asibitin Charité da ke birnin Berlin. Ta rame ta ƙanjame, ƙafafunta sun kumbura, cikinta ya yi tauri, ga kuma haɓo da ke tsinke mata a kai a kai. Likitoci sun yi bakin ƙoƙarinsu, amma a ƙarshen watan Yuli rai ya yi halinsa. Aikin binciken gawar ya faɗo kan wani ƙaramin likita ɗan shekara 23, wanda bai wuce shekara biyu da kammala karatu ba, mai suna Rudolf Virchow.

Abin da ya tarar ya ɗaure masa kai. Saifar matar ta ninka girmanta sau da yawa. Jijiyoyin jini kuwa cike suke da wani abu fari-fari mai kauri, wanda duk likitan zamanin da ya gani zai rantse mugunya ce. Da ya ɗiga shi a kan gilashi ya duba da madubin likita, sai ya ga al'amarin ya juye. A jinin mai lafiya jajayen ƙwayoyi ne ke cika fili, farar ƙwaya ɗaya tak ake samu a cikin jajaye ɗaruruwa. A nan kuwa fararen ne suka mamaye ko'ina, jajayen sai tsilli-tsilli.

Littattafan da aka koyar da shi suna da amsa a shirye. An yi ittifaƙi a lokacin cewa idan jijiya ta kumbura ko ƙurji ya fashe ta ciki, mugunya kan kwarara cikin jini ta kashe mutum. Virchow ya bi gawar gaɓa-gaɓa yana neman mafarin wannan mugunya, bai ga inda za ta fito da yawa haka ba. Maimakon ya tanƙwara abin da idonsa ya gani domin ya dace da abin da malamansa suka faɗa, sai ya rubuta shi yadda yake. A watan Nuwamba ya buga gajeren rahoto, ya ba shi take da kalmomin Jamusanci biyu masu ma'anar farin jini. Bahaushe zai yi murmushi a nan, domin a wurinmu farin jini abin nema ne, har addu'arsa ake yi wa amarya da ɗan kasuwa. Wanda Virchow ya gani kuwa, a wancan zamani duk wanda ya kama ba ya tashi. A 1847 ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ta fari da ta jini, ya ƙera sunan da likitocin duniya ke kiran cutar da shi har gobe, wato lukimiya, abin da muke ce wa sankarar jini.

Sai dai ba shi ne ya fara bugawa ba. Kimanin mako shida kafin rahotonsa, wani likita a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotland, John Hughes Bennett, ya wallafa labarin wani mai aikin rufin gidaje ɗan shekara 28 da ya mutu da irin wannan kumburin saifa da irin wannan jini. Kafin su biyun ma, Alfred Donné ya ga makamancin haka a madubinsa a Paris. Inda suka rabu shi ne fassara. Bennett ya ce jinin ne ya ruɓe ya koma mugunya. Virchow ya ce ƙwayoyin na jinin ne tun asali, yawansu ne ya wuce ƙima. Sun shafe shekaru suna sa-in-sa a mujallu kan wa ya riga wa, kowa na jin an ci masa haƙƙi. Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne Bennett ya riga bugawa, Virchow ya riga fahimta.

Fahimtar ce kuwa ta fi tsada. Virchow ya lura cewa fararen ƙwayoyi kan ƙaru na ɗan lokaci idan jiki na yaƙi da wani ciwo, sannan su koma daidai, ya raba wannan da ƙaruwar da ba ta da birki, wadda take ci gaba har sai ta ga bayan mai ita. Duk likitan da a yau ya karɓi sakamakon gwajin jini, ya ga fararen ƙwayoyi sun haura 11,000 a ɗigon da ake aunawa, ya tsaya yana tambayar kansa ko ƙwayar cuta ce ta shiga jiki ko kuwa wani abu ne mafi muni, a kan layin da Virchow ya shata yake tsaye. Ya kuma raba cutar gida biyu, wadda ke zuwa da kumburin saifa da wadda ke zuwa da kumburin kaluluwa, domin ya ga ƙwayoyin da ke yawaita a kowace ba iri ɗaya ba ne.

Ɗan ma'ajin gari

An haife shi ranar 13 ga Oktoba, 1821, a Schivelbein, wani ƙaramin gari a yankin Pomerania na daular Prussia, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Shi kaɗai ne ɗa a gidansu. Mahaifinsa manomi ne kuma ma'ajin gari, amma samunsa bai kai ya biya kuɗin jami'a ba. Saboda haka a 1839 yaron ya shiga makarantar horar da likitocin soja a Berlin, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibai masu hazaƙa da sharaɗin su yi mata aiki. Ke nan da kuɗin rundunar Prussia aka ilmantar da mutumin da daga baya zai tsaya a majalisa yana yanke kasafin wannan runduna. Ya kammala a 1843, ya kama aiki a Charité, a 1846 kuma ya gaji maigidansa Robert Froriep a matsayin mai kula da binciken gawarwaki.

A waɗannan shekaru ne ya warware wata matsalar jini ta daban. Ana yawan samun gudan jini ya toshe jijiyar huhu, an kuma ɗauka a nan yake haɗuwa. Virchow ya riƙa cusa gutsattsarin abubuwa a jijiyar wuyan karnuka, yana tarar da su a huhu, da haka ya nuna cewa guda kan haɗu a wani wuri, galibi a ƙafa, ya ɓalle, jini ya ɗauke shi ya kai huhu. Da manyan mujallu suka riƙa yi wa rubutunsa kallon rainin wayo na yaro, sai shi da abokinsa Benno Reinhardt suka kafa tasu a 1847. Tana fitowa har yau, da sunansa a bangonta.

Rahoton da gwamnati ba ta yi tsammani ba

A farkon 1848 annobar zazzaɓin taifus ta ɓarke a yankin Silesiya ta Sama, inda akasarin talakawa masu magana da harshen Poland ne a ƙarƙashin mulkin Prussia. Dankalin da suka dogara da shi ya lalace shekaru a jere, yunwa ta riga annobar isa. A gundumar Pless kaɗai, mutum ɗaya cikin goma ya mutu a shekarar 1847. Jaridu sun matsa lamba, gwamnati ta ga ba makawa sai ta nuna tana wani abu, sai ta tura wani babban jami'in lafiya mai suna Barez, ta haɗa shi da Virchow domin ya duba ɓangaren kimiyya. Ya bar Berlin ranar 20 ga Fabrairu, ya dawo ranar 10 ga Maris.

Ministan da ya aike shi yana jiran bayani a kan magani da killace marasa lafiya. Ya samu wannan, ya kuma samu abin da bai nema ba. Virchow ya shiga bukkoki ya ga iyali guda da saniyarsu suna kwana a ɗaki ɗaya. Ya rubuta abin da suke ci, da yadda masu gonaki ke tatsar ƙarfinsu, da yadda ma'aikatan gwamnati ke rubuce-rubucen takardu alhali mutane na faɗuwa, da yadda ake tura wa yara malaman da ba su jin harshensu. Bai bar limaman coci ba, bai bar attajirai ba, bai bar Berlin ba. Maganin da ya rubuta wa yankin shi ne cikakkiyar dimokuraɗiyya, da ilimi kyauta ga maza da mata a harshen uwa, da cin gashin kan ƙananan hukumomi, da ɗauke haraji daga wuyan talaka a ɗora wa mai hali, da hanyoyi, da ƙungiyoyin gama kai na manoma. Hujjarsa ita ce, annoba irin wannan ba daga sama take faɗowa ba, alama ce ta ciwon da ke jikin mulki, kuma wanda ke da ikon hana yunwa ya ƙi, shi ma yana da hannu a gawar.

Abin lura, bai san abin da ke kawo cutar ba. Sai a 1909 Charles Nicolle ya tabbatar a birnin Tunis cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa ta. Amma ƙwarƙwata ina take samun wurin zama in ba a cunkoso da rashin ruwan wanka da tufa ɗaya tilo ba? Bai ga ƙwaron ba, ya ga gidan da ƙwaron ke kwana.

Kwana takwas da dawowarsa, ranar 18 ga Maris, juyin juya hali ya iso titunan Berlin, sojoji suka buɗe wa jama'a wuta, likitan gwamnati kuma ya fito yana taya masu bore gina shinge a titi. Daga watan Yuli ya fara fitar da jarida mako-mako kan gyaran harkar lafiya, yana kira da a mayar da kula da lafiyar talaka haƙƙi a kan hukuma, yana kuma cewa likita shi ne lauyan matalauta tun asali. Jaridar ba ta wuce shekara guda ba. Da sarauta ta dawo da ƙarfinta a 1849, aka dakatar da shi daga aiki. Abokan aiki da ɗalibai suka yi ca, aka mayar da shi, amma aka janye masa ɗaki da abincin da asibiti ke ba shi. Ya gane saƙon. Kafin shekarar ta ƙare ya karɓi kujerar farfesa a Jami'ar Würzburg da ke Bavaria, can nesa da idon 'yan sandan Prussia.

Shekara bakwai da ya yi a can, lokacin da ya yi aure ya fara tara iyali, su ne mafi albarka a bincikensa. A 1856 Berlin da ta kore shi ta aika masa goron gayyata, ya gindaya sharaɗin a gina masa cibiyar bincike tasa, aka gina. A 1858 ya gabatar da laccoci 20 ga likitocin birnin, aka tattara su a littafin da ya sauya alƙiblar likitanci. Sama da shekara dubu biyu ana cewa ciwo rashin daidaiton ruwayen jiki ne. Virchow ya ce a'a, jiki tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace daga wata ƙwayar ta fito, ciwo kuma sauyi ne da ke faruwa a cikinsu, don haka mai neman ciwo can zai neme shi. Har kwatanta jiki yake yi da jamhuriya wadda kowace ƙwaya 'yar ƙasa ce mai cikakken 'yanci. Siyasarsa ba ta taɓa nisa da madubinsa ba.

Akwai tabo a wannan nasara. Robert Remak, wanda ya yi shekaru yana nuna cewa ƙwayar halitta rabewa take yi ta haifi wata, ya riga Virchow zuwa wannan matsaya. Remak Bayahude ne, dalilin da ya sa bai taɓa samun cikakkiyar kujerar farfesa ba. Virchow ya ɗauki ra'ayin ya yaɗa shi, bai ba mai shi yabon da ya cancanta ba, abotarsu kuma ta mutu a kan haka. Mutumin da ya yi ta faɗa da Bennett a kan mako shida ya san darajar riga wani.

Abin da ya tsallake a cikin ƙashi

Da saifa da kaluluwa Virchow ya tsaya, kuma a nan ya yi gajeren zango. Ba wanda ya kawo ɓargo a lissafi, an ɗauke shi kitse ne kawai mai cika ramin ƙashi. A 1868 Ernst Neumann, wani farfesa a Königsberg da ya taɓa zama a gaban Virchow yana ɗaukar karatu, ya matse ɓargo daga ƙashi ya duba, ya ga jajayen ƙwayoyi 'yan jarirai da ba su gama nuna ba. A daidai lokacin Giulio Bizzozero ya ga haka a Italiya. Ashe ɓargo ne masana'antar jini. Ba da jimawa ba Neumann ya nuna cewa ɓargon mai sankarar jini ya sauya kama gaba ɗaya, ke nan abin da ake gani a jijiya ambaliya ce kawai, can cikin ƙashi ne madatsar ta fashe.

Saura a iya bambance ƙwayoyin, domin a madubi duk launinsu ɗaya. Wannan aiki marina ce ta yi shi. Masana'antun Jamus na ƙera sababbin rinin tufafi daga kwal, sai wani matashin likita a Charité, Paul Ehrlich, ya fara shafa jini siriri a kan gilashi, ya busar, ya rina. Ya ga wasu fararen ƙwayoyi na shan jan rini, wasu shuɗi, wasu tsaka-tsaki, ya ba kowane rukuni suna. Romanowsky a Rasha ya inganta haɗin a 1891, Leishman a 1901, Giemsa a 1904. Rinin mutum biyun nan na ƙarshe shi ne har yau ma'aikacin ɗakin gwaji a Kano ko Damagaram ke ɗigawa a gilashi idan zai nemo ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, kuma a kan wannan gilashin ne wani lokaci ake fara cin karo da sankarar jini ba tare da an je nemanta ba.

Duba ɓargon mai rai ya jira har 1927, lokacin da Mikhail Arinkin a Leningrad ya nuna za a iya huda ƙashin ƙirji da allura a zuƙo shi. Yau an fi ɗauka daga bayan ƙashin ƙugu, a zuƙo ruwan, a yanko ɗan siririn ƙashi, a ƙirga kashi nawa cikin ɗari na ƙwayoyin ne 'yan jarirai da suka ƙi girma. Da wannan ake rarrabe sankara mai saurin kisa da mai tafiyar hawainiya, da ɓargon da ya daina aiki, da wanda wata sankarar ta shigo daga waje ta mamaye. A 1960 Nowell da Hungerford suka gano wani guntun zaren gado a ƙwayoyin masu wani nau'in sankarar jini mai kumbura saifa, a 1973 Janet Rowley ta nuna zare na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure, a 2001 kuma aka amince da imatinib, ƙwayar maganin da ta mayar da wannan nau'i ciwon da ake rayuwa da shi shekara da shekaru, ga wanda ya samu gwajin da maganin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne irin tambayar da Virchow ya je Silesiya ya yi.

Likita a zauren majalisa

A 1859 aka zaɓe shi kansila a majalisar birnin Berlin, kujerar da ya riƙe har mutuwarsa. Birnin na bunƙasa, ƙazanta na gudu a kwatamin bakin titi, kwalara da taifot na ɗibar rayuka. Virchow ya tattara alƙaluman mace-mace unguwa-unguwa, ya tsaya kai da fata sai da aka amince da tsarin magudanan ƙarƙashin ƙasa da injiniya James Hobrecht ya zana, aka fara aiki a 1873. Ya sa hannu a gina asibitocin birni, ya kuma matsa har aka wajabta duba nama da madubi a mayanka saboda wata tsutsa da ke kashe masu cin naman alade. Idan ana ƙirga rayukan da ya ceta, kwatami ya fi madubi yawa.

A 1861 ya shiga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Ci Gaba, shekara ta gaba ya shiga majalisar wakilan Prussia, a shekarar da Otto von Bismarck ya zama firaminista. Rikicin a kan kuɗi ne. Sarki na son faɗaɗa soja, majalisa ta ƙi amincewa da kasafin, Bismarck ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da karɓar haraji yana kashewa ba da izinin kowa ba. Virchow ya riƙa bin lissafin gwamnati layi-layi kamar yadda yake bin gawa. A watan Yunin 1865, ana muhawara kan kuɗin sojan ruwa, ya yi shakkar gaskiyar firaministan a bainar jama'a. Bismarck ya fusata ya aika masa ƙalubalen fito-na-fito da makami, kamar yadda manyan mutanen lokacin ke wanke mutuncinsu. Virchow ya ƙi, yana ganin bakin bindiga ba ya warware gardamar kasafi. Labarin da ake yawan bayarwa cewa ya zaɓi a yi karon da tsiran alade biyu, ɗaya mai tsutsa, ƙari ne da aka ƙaga daga baya.

Bismarck ne ya yi nasara. Da ya murƙushe Austriya a 1866, majalisar da ya taka ta yafe masa kashe kuɗin da ya yi ba bisa doka ba, jam'iyyar Virchow ta dare gida biyu, da yawa suka bi mai nasara. Shi bai bi ba. A 1869 ma ya gabatar da ƙudurin neman ƙasashen Turai su rage makamai, aka yi watsi da shi, shekara ta gaba yaƙi da Faransa ya ɓarke. Amma sau ɗaya ya tsaya a sahu ɗaya da abokin hamayyarsa, kuma bai yi masa kyau ba. Da Bismarck ya far wa cocin Katolika da dokoki, ana ɗaure limamai ana korar wasu daga ƙasa, Virchow ya mara masa baya, shi ne ma a 1873 ya ba rikicin sunan da tarihi ya riƙe, mai ma'anar gwagwarmayar wayewa. Mai kare 'yanci ya yarda a yi amfani da sandar hukuma, tunda a kan waɗanda ba ya so za ta sauka.

Gutsuren maƙogwaron yarima

A 1887 muryar Yarima Friedrich, mai jiran gadon sarautar Jamus, ta dushe. Likitocin Berlin, ciki har da Gerhardt da Bergmann, suka ce sankarar maƙogwaro ce, suka shirya tiyata mai haɗari. Aka kira ƙwararre daga Ingila, Morell Mackenzie, ya ce kada a taɓa shi sai madubi ya yi magana. Ya tsinko 'yan gutsattsari daga maƙogwaron aka kai wa Virchow, wanda ya duba ya ce bai ga sankara a cikinsu ba. Aka fasa tiyata. Zuwa watan Nuwamba ciwon ya bayyana ƙarara. Friedrich ya hau gadon sarauta a watan Maris na 1888 ba ya iya magana, ya yi kwana 99, ya mutu ranar 15 ga Yuni. Virchow na cikin waɗanda suka binciki gawar suka tabbatar sankara ce.

A kan wannan yarima masu ra'ayin sassauci irin su Virchow suka ɗora burinsu, suna fatan shi zai rage wa Bismarck da sojoji ƙarfi. Ɗansa Wilhelm na Biyu ne ya gaje shi, wanda ya jagoranci Jamus zuwa yaƙin 1914. An zargi Virchow, an zargi Mackenzie, likitocin ƙasashen biyu suka yi ta jifan juna da littattafai. A rahotonsa Virchow ya yi togaciya cewa hukuncinsa a kan abin da aka kawo masa ne, ba a kan maƙogwaron duka ba, sai dai fada ta ji abin da take son ji. Madubi ba ya ganin abin da allura ko almakashi ba su ɗauko ba, shi ya sa har yau idan sakamakon ɓargo ya saɓa wa abin da jikin majiyyaci ke nunawa, likitan kirki kan sake ɗiba.

Girma ya zo masa da taurin kai. Ya yi wa Semmelweis, wanda ya ce wanke hannu zai hana mata masu jego mutuwa, riƙon sakainar kashi. Ya daɗe yana jan ƙafa a kan cewa ƙananan ƙwayoyin cuta ne ke haddasa annoba, wani ɓangare domin yana tsoron gwamnati za ta fake da ƙwaro ta manta da talauci. Tsoron yana da tushe, amma Robert Koch ne ke da gaskiya a kan tarin fuka da kwalara. Ƙasusuwan mutumin Neanderthal kuwa ya ce na wani mai ciwon ƙashi ne kawai.

A fagen nazarin jinsin ɗan Adam ya bar gado mai fuska biyu. Ya jagoranci ƙidayar launin gashi da ido da fata na 'yan makaranta sama da miliyan shida da dubu ɗari bakwai, aka buga sakamakon a 1886. Ya nuna fiye da rabin yaran Jamus gauraye ne, kuma kusan ɗaya cikin goma na yaran Yahudawa farin gashi da shuɗin ido gare su, abin da ya rushe tatsuniyar tsarkin jinsi tun kafin 'yan Nazi su zo su gina mulki a kanta. Ya kuma kayar da Adolf Stoecker, limamin fada mai wa'azin ƙin Yahudawa, a zaɓen majalisar tarayya, inda ya zauna daga 1880 zuwa 1893. Jam'iyyarsa ba ta goyi bayan neman mulkin mallaka ba a shekarun da aka yi taron Berlin na raba Afirka, Jamus kuma ta kama Kamaru da Togo. Amma shi ɗin ne ya riƙa roƙon matafiya da jami'an mulkin mallaka su aiko masa da ƙoƙon kawunan mutane, ya kuma riƙa auna 'yan Afirka da ake kawowa Berlin ana nuna su ga 'yan kallo. Tarin da ke ɗauke da sunansa ya kai dubbai, har yanzu ana ja-in-ja kan yadda aka samo su da mayar da su ga zuriyarsu.

A watan Oktoban 1901 likitoci daga sassan duniya suka hallara a Berlin domin bikin cikarsa shekara 80. Bai rage aiki ba. Ranar 4 ga Janairu, 1902, yana hanyar zuwa wani taron masana, ya yi tsalle daga taragon cikin gari tun bai gama tsayawa ba, ya faɗi ya karya ƙashin cinya. Bai sake komawa daidai ba, ya rasu ranar 5 ga Satumba na wannan shekara. Majalisar birnin da ya yi wa aiki shekara 43 ce ta ɗauki nauyin jana'izarsa, aka fito da gawar daga zauren majalisar zuwa maƙabartar St. Matthäus da ke Schöneberg.